Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Bikin Hajiya

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. Baiwar Allahn da ta rubuto min jiya tana cewa, "Bahijja ki ji tsoron Allah ki riƙe saurayinki, miji ya yi wuya," na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ki gyara zama ki ji abin da na aikata yau Alhamis, don ki samu hujjar yi min wa'azi da kyau.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, sunana Bahijja Kailani, haifaffiyar Tudun Wada, nan Zariya. Ina da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake juye tsofaffin kaset-kaset na bidiyo zuwa filashi ko waya. Bikin aure, suna, saukar karatu, dawowa daga Makka, duk abin da iyayenmu suka ɗauka suka cusa ƙarƙashin gado. Mahaifina ya rasu ina goye. Abin da aka faɗa min a kansa bai wuce cewa ma'aikacin reluwe ne kuma mutumin kirki ba. Hotonsa guda ne a gidanmu, na katin aiki, ya sha kunu kamar an tilasta masa tsayawa.

Wata rana Mama Jumai, tsohuwar nas daga Wusasa, ta kawo min kaset ɗin bikinta. Muna zaune muna kallo ana juyewa, aka kai amarya, biki ya ƙare, allo ya yi yayyafi. Na miƙa hannu zan kashe ke nan sai ga dandamali, ga fitilu ja da kore, ga samari da jita da ganguna, jama'a na ihu kamar za su tsaga ɗakin. Mama Jumai ta damƙe hannuna.

"'Yan Tsawa! Yesu, 'Yan Tsawa ne!" Ta matso da fuskarta jikin allon, sannan ta juyo ta dube ni. "Ke ba 'yar Kailani ba ce? To kin ga wancan dogon mai jita da ya juya wa kyamara baya? Ai babanki ke nan."

Ku tambayi iyayenku su waye 'Yan Tsawa, in dai za su faɗa muku gaskiya. Samarin Tudun Wada da Wusasa ne, Musulmi da Kirista, masu jitar lantarki da waƙa da Hausa. Sun cika zauruka daga Kongo har Kaduna da Jos kafin su watse. Mai ɗaukar musu bidiyo shi ne Baba Kato, yana nan da ransa, sai dai ido ya yi rauni. Da ƙungiyar ta tarwatse sai ya koma ɗaukar bukukuwa, kuma lokacin kaset na da tsada, don haka ya riƙa ɗora bikin mutane a kan wasannin 'Yan Tsawa. To biki yakan ƙare kafin kaset ya ƙare. Mu kuma Hausawa da an ga amarya ta shiga mota tana kuka shi ke nan, sai a kashe a tashi a ɗora girki. Babu mai kallo har ƙarshe. Haka wasannin da duniya ba ta taɓa gani ba suka kwanta a wutsiyar kaset-kaset na matan Zariya, a cikin akwatuna da bayan kwalla, ba tare da masu su sun sani ba.

Tun daga ranar nake binsu gida-gida. Baba Kato bai rubuta komai ba, da abinci yake tuna biki. Sai ya kira ni ya ce, "Je ki gidan nan na Gyallesu da suka cika wa dambu gishiri." In je in yi sallama, in durƙusa, in sha tambayoyi, in aro kaset. Na tara guntaye da yawa. Amma a cikinsu kaf babana baya yake juyawa. Na san ƙeyarsa, na san kafaɗunsa, na san yadda yatsunsa ke gudu a kan jita. Ban taɓa ganin fuskarsa tana motsi ba, ban taɓa jin muryarsa ba, don shi ba ya waƙa. Abin da nake nema ke nan a duniyar nan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai kuma maganar Jamaluddeen. Lauya ne, yana kuma koyarwa a jami'a, reshen Kongo. Dogo, mai sanyin magana, mai son farar shadda da hula zanna, irin mazan da ke goge takalmi kafin su shiga keke. Ina sonsa, kada wata ta yi zaton wasa nake. Ya san komai game da babana tun farkon haɗuwarmu, har shago yake zuwa ya zauna yana kaɗa ƙafa. Iyayensa ne ba su sani ba. Jibi Asabar ne manyansa za su zo neman aurena wurin Baffa Sharfaddeen, yayan babana, wanda a gidansa ni da Umma muke zaune tun rasuwar.

Shekaranjiya Talata da safe Baffa ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure kan buzunsa, carbi a hannu, rediyo a gefe an rage murya. Umma na rakuɓe a bakin ƙofa cikin hijabinta mai ruwan toka.

"Ke Bahijja, an ce min har yanzu kina bin gidajen mutane kina roƙon kaset."

"Ba roƙo nake ba Baffa, aro nake."

"Rufe min baki. Gidan Alhaji Nagoda, uban yaron nan, masu bincike ne, har kakan kaka suke tonowa. Kina so a ce jikar Malam Zulkiflu 'yar makaɗi ce? Kina so a kira mu maroƙa?" Ya nuna ni da carbin. "Mun binne maganar nan tun kafin ki zo duniya. Kailani ma'aikacin reluwe ne. Abin da na faɗa musu ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba."

A raina na ce, da rana ba. A fili kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina.

Da muka koma ɗaki Umma ta zauna bakin gado tana ninke wanki, ba ta dube ni ba. "Ki yi wa Allah ki bari a ɗaura auren nan. Bayan nan ki yi ta tara shirginki, babu mai hana ki."

"Umma, ke kin taɓa ganinsa yana kiɗa?"

Ta ninke zani ɗaya har sau ba adadi. "Tashi ki ɗora ruwan kunu."

Wallahi na yi niyyar in lafa har Asabar ta wuce. Na rantse muku na yi niyya. Sai jiya Laraba da la'asar Baba Kato ya kira ni.

"'Yata, na tuna! Akwai ranar da muka je situdiyo a Kaduna, sauran suka fita cin abinci, babanki ya zauna shi kaɗai ya fuskanci kyamara yana min surutu. Ranar ce kawai ya yarda. Na tuna bikin da na ɗora a kai, don sun ba mu waina da miyar taushe har muka yi guzuri. Wata Rahma ce daga Dutsen Abba, aka kai ta gidan wani Nagoda mai sayar da yadi."

Na zauna daɓas a kan benci. Hajiya Rahma matar Alhaji Nagoda. Mahaifiyar Jamal.

Nan take na rubuta masa. Amsarsa ta zo da fuskar dariya: "Ikon Allah! To ai shi ke nan, kaya ya zo gida. Ki bari ki shigo, komai na gidan naki ne." Na ce to, maganarsa da hankali. Na kwana da murna.

Yau da hantsi ina shago ina cin awara sai ya turo min hoto. Ana yi wa gidansu fenti saboda biki, ruwan madara da ƙofofi ruwan ƙasa. Ya rubuta, "Kin ga yadda ake shirya miki?" Ni kuwa ba fentin na gani ba. A gefen hoton, kusa da wata karyayyiyar fanka da tsohon risho, akwai buhu a buɗe, baƙaƙen kaset sun leƙo.

"Wancan buhun fa?"

"Tarkace ne. Hajiya ta sa an kwashe sito, 'yan gwangwan za su zo da azahar."

"Jamal, kaset ne a ciki!"

Sai ya turo: "Innalillahi. Ban lura ba. Ƙanwata Fiddausi ce ta turo min hoton, ni ina Kaduna a kotu."

"Kira Hajiya ka ce ta ajiye."

"In ce mata me? Hajiya sai ta ji dalili, kuma ba na iya yi mata ƙarya."

"To ka faɗa mata gaskiya mana."

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can ya turo: "Bahijja, jibi-jibin nan ne fa. Alhaji kin san halinsa. Don Allah kada ki yi abin da za mu yi da-na-sani."

Na dubi agogo. Na dubi awarar da ta huce. Jama'a, kun san al'adarmu. Budurwa ba ta taka gidan surukai kafin a kai ta. Ko a hanya ta hango uwar saurayi, kwana take sha ta ja mayafi ta rufe fuska. Wadda ta kai kanta kuwa, sunanta ya gama gari kafin magariba: mara kunya, mai rawar kai, ta ƙosa. Duk na san wannan, a cikinsa aka raine ni. Na rufe shago na koma gida.

Na cire doguwar rigar aiki na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da zani, ɗaurin ɗankwali na mutunci, babban mayafi fari har gwiwa. Ban shafa jan baki ba, kwalli kawai. In za a zage ni, a zage ni cikin shiga ta kamala. Umma na tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

"Ina zuwa haka?"

"Aiki, Umma."

Ta bi ni da kallo har zaure. Ba ta yarda ba, amma ba ta tsayar da ni ba.

Mai keke ya sauke ni a bayan Kongo, daidai ƙofar gidan. Kurar mai gwangwan na tsaye a waje, an riga an ɗora fankar da rishon. Na leƙa, babu buhu. Na yi bismilla na shiga.

Tsakar gidan shimfiɗe da siminti, bishiyar mangwaro a tsakiya, masu fenti a kan tsani. Hajiya Rahma na zaune kan kujerar roba cikin leshi ruwan hoda, gilashi a ido, tana ba da umarni. Buhun na gabanta. Fiddausi, ƙanwar Jamal, na tsugune tana fasa kaset da dutse, tana zaro zaren tana tarawa a wani tsohon kwano. A gefen kwanon akwai ashana da kwalbar kananzir.

Na yi sallama. Fiddausi ta ɗago, dutsen ya faɗi daga hannunta, ta toshe baki. Na ƙarasa na zube gaban Hajiya, gwiwa biyu a ƙasa.

"Hajiya ina wuni."

Ta zare gilashin ta sake mayarwa. "Wa nake gani kamar Bahijja?"

"Ni ce, Hajiya."

"Innalillahi. Rasuwa aka yi?"

Kun ji fa. A wurinta mutuwa ce kaɗai za ta iya kawo ni.

"Lafiya lau, Hajiya. Alfarma na zo nema. Kaset ɗin bikinki nake so ki ara min."

Ta ɗan yi murmushi irin na manya. "Allah sarki. Jamalu ya ce min sana'arki ke nan. To Allah ya yi miki albarka, amma ba na so a juye shi. Zamanin jahilci ne, 'yata. Duk muna rawa kai ba ɗankwali, rabin ƙawayen nan nawa sun riga mu gidan gaskiya. Alhaji ya ce a ƙone zaren kafin a ba da kwankon, ni ma na ga dacewar haka. Tashi ki koma gida tun kafin wani ya gan ki."

Fiddausi ta sake sa hannu a buhun. Ban san wanne ta ɗauko ba, ban san ko nawa na cikin waɗanda ta riga ta fasa ba.

"Hajiya, ba bikin nake so ba. Abin da ke bayansa nake so. Babana na ciki."

"Me ya kawo babanki bikina?"

"Ba a bikin yake ba. A kan wani tsohon ɗauka aka ɗora bikin, ƙarshensa bai goge ba. Ban taɓa jin muryarsa ba, Hajiya, kuma a nan kaɗai ta rage." Na ɗago na dube ta. "Shi ne mai jitar 'Yan Tsawa."

Fuskarta ta sauya. Ta san sunan, duk wanda ya yi ƙuruciya a garin nan ya san shi. Kafin ta ce wani abu sai aka yi gyaran murya daga tagar falon da ke bayanta, labule ya motsa.

"Rahma, wa ke magana a nan?"

Alhaji Nagoda. Ashe yana gida.

Hajiya ta sunkuyo har ina jin ƙamshin turarenta, ta yi ƙasa da murya. "Tashi ki fita ta ƙofar baya. Ni ban ji komai ba, Fiddausi ba ta ji ba. Asabar na nan yadda take. Tashi!"

Matar nan alheri take nufi da ni, na sani, kuma har gobe ina ganin girmanta. Hanya ta buɗe min. In fita salin-alin, in zama amarya, in shigo gidan nan da guɗa, a kuma cinna wa babana ashana a cikin tsohon kwano. Na dubi kwalbar kananzir ɗin nan. Tun ina yarinya ake rage murya in an zo kan sunansa. Na gaji.

Na ɗaga murya yadda masu fenti ma sai da suka waiwayo.

"Ni ce, Baba. Bahijja ce, 'yar Kailani mai jita."

Hajiya ta runtse ido. Fiddausi ta ce, "Na shiga uku."

Ya fito a hankali cikin farar jallabiya, jarida a hannu, tsoho mai tsayi da furfura a gemu. Kamar Jamal sak, sai dai babu fara'ar. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Kailani na 'Yan Tsawa?"

"Shi, Baba."

"Malam Sharfaddeen bai faɗa mana haka ba."

"Ni ma ba a faɗa min ba, Baba. A kaset na tsince shi."

"Kuma shi ne kika tako har gidan nan da ƙafarki."

"Da azahar za a ƙone shi. Da akwai wanda zan aika da ban zo ba."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi min sauƙi. Ya naɗe jaridarsa ya dubi Hajiya. "Ba ta abin da ta zo nema ta tafi." Ya juya ya shige, labule ya rufe.

Hajiya da kanta ta janyo buhun ta zazzage shi a ƙasa. Muka shiga tonawa ni da ita, kaset ɗin wa'azi, na finafinan Indiya, na sunan wane da wance. Zufa na bin bayana. Can ƙasa ta ɗago wani mai tsagaggen kwali, ta busa ƙurar, ta karanta abin da ke jiki. Ta miƙo min, amma ba ta saki ba.

"Ban yarda ki kalli bikin ba."

"Da hannu zan naɗe shi in wuce, Hajiya. Na yi miki alkawari."

"Kin san abin da kika yi wa kanki yau?"

"Na sani."

Ta saki. "Allah ya kyauta," in ji ta, idonta ya kaɗa.

A keke na rungume kaset ɗin a ƙirji ƙarƙashin mayafi. Ban nufi gida ba, shago na wuce, na kunna injin sola, na kwance kwankon da ƙaramin sukudireba. Fumfuna ta yi masa fari fat a gefe. Na ɗauko auduga da sifirit na shiga gogewa a hankali, ina naɗe zaren da yatsa, ina wuce bikin Hajiya ba tare da na ga ko ɗankwalinta ba. Irin wannan kaset da ya sha damina a sito sau da yawa tafiya ɗaya yake yi. In ka kunna, sai ka bar shi ya kai ƙarshe. Ka tsayar a tsakiya, na'ura ta cafke zaren ta tauna, shi ke nan.

Wayata na ta haske a kan tebur. Jamal.

"Me kika yi?"

"Bahijja ɗauki waya."

"Alhaji ya kira Baffanki. An ɗaga zuwan Asabar. Bai sa wata rana ba."

Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, na yi kuka. Na kifa kai a kan tebur na yi mai isata, don ina son mutumin nan, kuma na riga na zaɓi kalar labulen ɗakina. Da na share hawaye na rubuta masa: "Na ɗauko babana." Na kife wayar.

Na mayar da kwankon na ɗaure, na zura kaset a na'ura, na danna ɗauka a kwamfuta, na yi bismilla na kunna. Ƙurar motocin kai amarya ce ta fara fitowa, sannan allo ya koma yayyafi yana shuuu. Ina tsaye, hannuna a ƙirji.

Sai aka bankaɗe labulen shagon.

Umma ce. Tunda na buɗe shagon nan ba ta taɓa tako shi ba. Hijabinta a karkace, silifas ɗinta wari da wari, tana haki kamar da gudu ta zo.

"Kin kashe ni, kin huta? Baffanki na can yana cewa ko dai kaset ɗin nan ya zo hannunsa yanzu ya mayar musu da ban haƙuri, ko mu nemi wani waliyyin. Kashe abin nan ki ba ni!"

"Umma, in na tsayar zai tsinke."

"Ya tsinke mana! Kashe na ce!"

"Ba zan kashe ba."

Ban taɓa faɗa mata haka ba tunda ta haife ni. Ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba. Sannan ta juya ta nufi soket ɗin da ke jikin bango, ta ɗora yatsa a kan makunnin. Ban tare ta ba. Uwata ce, ba zan riƙe mata hannu ba.

"Ki kashe in za ki iya, Umma. Ni dai ba da hannuna ba."

Yayyafin ya yi rawa, ya yi layi-layi, ya washe.

Wani ɗaki ne mai bango da katako, wayoyi a ƙasa, ganguna a baya babu kowa a kansu. A tsakiya wani saurayi na zaune kan doguwar kujera, jita a cinya, suma ta taru a kansa, riga mai faffaɗan wuya a buɗe. Yana ɗaure wata tsirkiya, kansa a sunkuye. Sai ya ɗago ya dubi kyamara kai tsaye, ya yi dariya. Wushirya gare shi. Irin tawa.

"Kato, ka fara ɗauka ne? Kai, ka bari in gyara zama mana, kada mutanen Tudun Wada su ce ban iya gaisuwa ba."

Muryar ba ta da kauri yadda na ƙiyasta. Siririya ce, mai ɗan karcewa, da dariya a ƙarƙashinta. Na durƙushe a gaban allon. Na ji wayata ta yi ƙara alamar saƙo ya shigo, na san Jamal ne, ban ɗaga ta ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku ban buɗe shi ba.

Yatsan Umma na nan kan makunni. Ba ta danna ba, ba ta janye ba. Babana ya ja tsirkiya ɗaya, ya saurara, ya girgiza kai, ya ce da Baba Kato yunwa yake ji.

Wayar Umma ta ɗauki ruri a cikin hijabi. Ta laluba ta ciro da ɗaya hannun. Muryar Baffa har inda nake.

"Talatu, kin karɓo?"

Matar da ban taɓa jin ta musa wa Baffa ba. Matar da ko sunan babana ba ta kamawa, sai dai ta ce marigayi. Ta sauke hannunta daga bango, ta janyo benci da ƙafa ta zauna, idonta bai bar allon ba.

"Yaya, a yi haƙuri," ta ce. "In sun fasa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ni yanzu ina kallon mijina."